Muryar da ke Bayan Malamin Waƙa: Bitar Faya-fayan Sa'idu Faru da Ƙanensa Mu'azu

Idan aka ambaci Sa'idu Faru, mutum ɗaya ke faɗo wa mai sauraro a rai: Malamin Waƙa, makaɗin kotso, mai kaifin harshen da 'ya'yan sarki ke shakka. Sunansa kaɗai ne a jikin tsofaffin kaset, shi kaɗai ne kuma a wayoyin masu tura waƙa a kasuwar Shinkafi da tashar Ƙaura Namoda. Amma duk wanda ya kasa kunne da kyau zai ji cewa ba dukkan aikin ke fitowa daga bakin Sa'idu ba. Akwai muryoyin da ke tarbarsa, su ƙarasa abin da ya ɗauko, su mayar da shi gindin waƙa. Babba a cikin masu wannan aiki shi ne ƙanensa Mu'azu, wanda ya riƙe muƙamin Ɗangaladima a ƙungiyar. Ni a wurina waɗannan faya-fayai aikin wa da ƙane ne, kuma da wannan kunnen ya kamata a saurare su.

Gidansu gidan kiɗa ne tun kaka da kakanni, a garin Faru ta ƙasar Maradun. Mahaifinsu Abubakar makaɗin kotso ne, a hannunsa suka ga sana'ar. Mahaifiyar Sa'idu kuwa 'yar Banga ce, a ƙasar Ƙaura Namoda, shi ya sa arewacin Zamfara bai taɓa zame masa baƙon wuri ba. Ya yi wa Sarkin Yaƙin Banga waƙa, ya yi wa Sarkin Kiyawan Ƙaura Namoda Abubakar, ya yi wa Sarkin Zamfaran Zurmi Sulaimanu. Duniya ta fi saninsa da babban ubangidansa, Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, wanda ya zama Sarkin Musulmi a 1996, shekara tara bayan rasuwar makaɗin nasa a 1987. Waƙoƙin Macciɗo irin su "Kana Shire" su ne gidajen rediyo suka fi sawa, kuma sun cancanta. Sai dai ni waƙoƙin Banga da Ƙaura da Zurmi sun fi kama mini zuciya, domin a cikinsu ana jin makaɗi yana magana da mutanen da ya san gidajensu, ya san dangantakarsu, ya san wanda ke hararar gadon wani.

Kafin a gane abin da Mu'azu ke yi, sai an san yadda waƙar fada take tafiya. Kotso ganga ce mai baki ɗaya, ana rataya ta a kafaɗa, a kaɗa ta da yatsu, a riƙa matse tsarkiyarta don sautin ya hau ko ya sauka. A tsakiyar fatar ana liƙa nake, shi ke ba ta wannan amo mai nauyi da ake ji har cikin ƙirji. 'Yan amshi su ne makaɗan, wato hannu na aiki baki na aiki a lokaci guda. Jagora zai ɗauko ɗan waƙa, ya faɗi rabin magana ya sake ta. Kafin numfashinsa ya dawo, 'yan amshi sun cafe, sun yi ƙari, sun kai maganar inda za ta tsaya, sannan kowa ya faɗa gindi tare. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya yi bayanin waɗannan dabaru a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka, kuma wanda ke son misali a aikace ba sai ya yi nisa ba, ya sa faifan Sa'idu Faru.

A nan ne zumunta ke fitowa fili. Sa'idu mutum ne mai son karkata magana. Zai ɗauko yabo, kana tsammanin a yabon zai sauka, sai ya juya ya soki wani ɗan sarki da ba a faɗi sunansa ba, ya siffanta shi da wata dabba, ya bar sauran. Wannan juyi ba ya yiwuwa idan mai tarba bai san inda za a faɗa ba. Ka saurara da kyau: ba ka jin giɓi tsakanin muryar jagora da ta amshi, ba ka jin wani ya yi jira ko ya yi gaggawa. Kamar masu dakan hatsi biyu ne a turmi ɗaya, taɓaryar wannan na tashi ta wancan na sauka, ba su taɓa karo ba. Irin wannan ba a koyon sa a wata uku. Sai waɗanda suka tashi a tsakar gida ɗaya, suka yi amshi a bayan uba ɗaya tun muryarsu ba ta buɗe ba, suka kwana a zauren sarakuna tare suna jiran a fito.

Harshen ma nasu ne na gida. Hausar Zamfara ce tsantsa, ba a sassauta ta don mutumin Kano ko Zariya ba, amma Kano da Zariya suka karɓa hannu bibbiyu. Akwai hikima a yadda ake jero nasabar basarake, a kai shi ga kakanninsa, a tuna masa da abin da suka bari. Ga wanda ya san cewa gidajen sarautar Ƙaura da Zurmi na Alibawa ne, kuma sunan Ƙaura kansa yana ɗauke da sunan Namoda, jarumin zamanin jihadi, waɗannan waƙoƙi sun wuce nishaɗi. Kundin tarihi ne da aka adana a baki, kuma 'yan amshi ne ma'ajiyarsa, don su ke riƙe da ɗiyan waƙar duka a ka, su maimaita su shekara da shekaru ba tare da takarda ba.

Ba gidan Faru kaɗai ke da irin wannan labari ba. A ƙasar Maradun ɗin dai, bayan rasuwar makaɗi Usman Ɗankwanda, babban ɗansa Kurna ne ya gaji ƙungiya, ƙanensa Musa Ɗanƙwairo yana biye da shi a matsayin Daudun kiɗa. Daga baya ƙanen ya fito da kansa, ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa, ya yi wa 'Yandoton Tsafe, sunansa ya cika ƙasar Hausa har ya rasu a 1991, yau kuma da wuya ka sami matashin da ya san Kurna. A gidan Ɗankwanda ƙane ya shige gaba. A gidan Faru ƙane ya tsaya a baya. Mutanenmu sun fi ɗaukaka na farkon, suna ganin wanda ya tsaya a amshi kamar bai kai ba ne. Ban yarda da haka ba. Tsayawa a bayan ɗan'uwa tsawon rayuwa, kana da murya, kana da basira, kana ji ana kiran sunansa ana miƙa masa doki da riga, wannan wani irin ƙarfin hali ne da ba kowa Allah Ya ba shi ba. Da Mu'azu ya ɓalle, da wataƙila an sami makaɗa biyu masu dama-dama, an rasa ƙungiya ɗaya da babu irinta.

Aikin ba ya rasa abin cewa. Duniyar waƙoƙin nan duniyar fada ce zalla: sarki, ɗan sarki, bafade, maƙiyin sarki. Manomin Zurmi da ɗan kasuwar Shinkafi ba su cika samun wuri a ciki ba, sai dai a matsayin masu biyayya. Wanda ke neman muryar talaka sai ya koma ga irin su Amali Sububu da waƙoƙinsa na noma, ko Kassu Zurmi da mazajen dajinsa. Zambon ma wani lokaci yana da zafi fiye da kima, kuma da yake waɗanda aka yi dominsu sun shuɗe, mai sauraron yau yana jin sarar ba tare da ya san laifin wanda aka sara ba. Haka nan akan ci karo da salon yabo guda yana yawo daga wannan basarake zuwa wancan. Ko Narambaɗa na Tubali, wanda kowa ya sallama wa, bai tsira daga wannan ɗabi'a ta makaɗan fada ba.

Babbar damuwata ba ta shafi mawaƙan ba, ta shafi yadda muka riƙe abin da suka bari. Yawancin abin da ke yawo a waya an kwafo shi ne daga kaset zuwa kaset har sautin ya dusashe, kuma abin da ke fara nutsewa shi ne muryar 'yan amshi, kiɗa ya danne ta. Wasu waƙoƙin an yanke su a tsakiya. Ba shekara, ba wurin ɗauka, ba sunan ko mutum ɗaya daga cikin masu amshi. Ga kuma halin da yankin ke ciki na rashin tsaro, wanda ya sa zuwa ƙauyuka neman dattawan da suka ga ƙungiyar da idonsu ya zama abu mai wuya, su kuma dattawan kullum raguwa suke yi.

Duk da haka, abin da ya rage ya isa a yi hukunci. Waɗannan waƙoƙi suna cikin mafi kyawun abin da kiɗan kotso ya haifar, kuma kyansu ya rataya ne a kan fahimtar juna tsakanin wa da ƙane. Ina kira ga masarautun Ƙaura Namoda da Zurmi da Shinkafi, da malaman Hausa na Jami'ar Tarayya ta Gusau, da gidajen rediyon da ke riƙe da faya-fayan asali, su haɗa hannu a tattara su, a gyara sautin, a zauna da iyalan gidan Faru a rubuta wanda ya yi kiɗa da wanda ya yi amshi a kowace waƙa. Idan an zo rubuta sunaye, a sa na Mu'azu kusa da na wansa.