Whot A Tsakar Gida: Mu Bar Yara Su Yi Ko Mu Hana?

Duk wanda ya zaga Sabo bayan sallar isha'i, musamman ranar da aka ɗauke wuta, zai tarar da yara sun zagaye fitila ana buga Whot. Wasu dattawanmu da sun ga haka sai su murtuke fuska, wai karta ce, karta kuwa ƙanwar caca ce. Mun zauna mun buga da yaranmu, ga abin da muka gani.

Asalin wasan daga Ingila yake, wani mai suna William Storey ya ƙirƙiro shi a 1935, amma yau 'yan Nijeriya sun mai da shi nasu. Kati 54 ne: da'ira, alwatika, kuros, murabba'i da tauraro, sai katin Whot biyar masu lamba 20. Babu sarki, babu sarauniya. Ko dai ka bi siffa ko ka bi lamba, in ba ka da ko ɗaya ka tafi kasuwa ka ɗebo. Shi ke nan dokar.

Wannan sauƙin shi ne babban alherinsa. Yaro ɗan shekara biyar da bai iya karatu ba yana iya kayar da babansa. Kafin mako ya zagayo ya san siffofi, ya san lambobi, har ya gano cewa babu 6 da 9. Ga koyon jiran layi da haɗiye fushi idan an ce ya ɗauki biyu. Kuma da shi yaranmu suke cuɗanya da 'ya'yan Yarabawa maƙwabtanmu ba sai da tafinta ba.

To amma fa yana da aibu. Sa'a ta fi dabara yawa a cikinsa. Kwatanta shi da dararmu, inda kowa ke da 'ya'ya 12 a rami 30, ba abin da zai fisshe ka sai tunaninka. Ko ayo na Yarabawa ya fi shi wasa ƙwaƙwalwa. Sannan kowane gida da dokarsa: a nan lamba 5 ɗauki uku ce, a can ba a san da ita ba, sai rigima.

Tsoron dattawa kuma ba a banza yake ba. Mun ga samarin da suka fara a tabarmar gida suka ƙare a bayan tasha ana aza kuɗi. Amma ba katin ne ya kai su ba, rashin babba a wurin ne.

Shawararmu, a bar yara su buga, amma a tsakar gida, a gaban uwa ko uba, ko kwabo kada a aza, ko da alewa ce. Da an kira salla a tattara. Yaron da ya kai shekara takwas kuwa, baba, haƙa masa ramukan dara ka koya masa da kanka, kada ta ɓace a hannunmu a nan kurmi.