Sa hannu mai baki biyu: nazari a kan ɓoyayyar kafar Simmons

A cikin wannan ɗan rubutu muna so mu duba, da idon mai nazarin harshe, wani aiki da Gustavus Simmons, masanin lissafi na Amurka, ya gabatar a taron CRYPTO na 1983, da kuma maganin da aka kawo daga baya.

1. Matsalar

Simmons ya yi misali da ƴan kaso biyu da mai gadinsu. Mai gadi ya yarda su riƙa aika ma juna wasiƙa, da sharaɗin ya karanta kowace. Su kuma suka nemi izinin sa hannu irin na lissafi, don kada a yi masu jabu. Simmons ya nuna cewa ana iya ɓoye saƙo na biyu cikin sa hannun kansa, alhali wasiƙar a fili take, sa hannun kuma ingantacce ne.

Tushen misalin shi ne shirin yarjejeniyar SALT II, wadda Amurka da Tarayyar Sobiyet suka sa ma hannu a 1979. An so a dasa na'urori da za su faɗi ko rami na ɗauke da makami, ba tare da sun faɗi wane rami ba. Bit 10 kacal sun isa su ware rami guda cikin 1000.

2. Inda saƙon ke shiga

A 1993 Simmons ya nuna kafar a cikin tsarin DSA, wanda Amurka ta mayar da shi ƙa'ida a 1994. Kowane sa hannu na buƙatar wata lamba, k, mai bit 160 a tsarin farko, wadda mai sa hannu ke zaɓa yadda ya ga dama. In ya ba abokinsa mabuɗin asiri, abokin zai iya lissafo k, wato dukanta ta zama saƙo. In bai ba shi ba, sai ya yi ta sake k har sa hannun ya fito da wata alama da suka shirya. Kowane bit da ya ƙara yana ninka aikin sau biyu.

A nan ne nazarin harshe ke da ta cewa. Zaurance na sanar da mai saurare cewa ana ɓoye masa wani abu. Habaici kuwa magana ce daidai, wadda wanda aka nufa kaɗai ke jin na cikinta. Kafar Simmons dangin habaici ce. A ganinmu, babbar gudummawarsa ita ce wannan: duk inda mai magana ke da zaɓi tsakanin siffofi biyu masu daraja ɗaya, zaɓin na iya ɗaukar ma'ana.

3. Sukarmu

A 2013 takardar RFC 6979 ta kawo hanyar lissafo k daga wasiƙar da mabuɗin asiri, maimakon a zaɓe ta. Wannan ya magance matsalar lambar da ba ta zaɓu da kyau ba. Amma wanda ya ɗauka cewa ya toshe kafar ya yi kuskure, domin mai gadi ba shi da mabuɗin asiri, saboda haka ba ya iya tabbatar da cewa an bi ƙa'idar daga duban sa hannun. An shar'anta ma mai magana yadda zai yi, mai saurare kuwa yana nan yadda yake.

Maganin da ya fi ƙarfi shi ne tsarin da wasiƙa guda ke da sa hannu guda tak da zai karɓu, kamar BLS na 2001. Ko a nan, mai aikawa na da zaɓin kalmomi da na lokacin aikawa.

Kammalawa

Aikin Simmons ya tabbatar da cewa ingancin sa hannu shaida ce ta wanda ya yi magana kawai. Mai son sanin ko an faɗi wani abu a bayan maganar, sai ya ƙirga zaɓin da aka bar ma mai sa hannu, ya kuma tambaya ko mai dubawa na iya ganinsu.