Sharhin fim: Awake, wa ya riƙe kyamarar?

A 2016 ƙabilar Sioux ta Standing Rock, a Amurka, ta yi zaman dirshan don hana ratsa bututun mai ta ƙarƙashin kogin Missouri, ruwan shansu. Fim ɗin Awake (2017) labarin wannan gwagwarmaya ne: daraktoci uku, kashi uku.

Kashin Josh Fox ya cika kiɗa da zaƙin baki, sai ka ce yana tsoron ba za mu tausaya ba. Na marigayi Myron Dewey, ɗan ƙabilun asali na Amurka, daban ne. Da kyamara mai tashi ya nuna 'yan sanda da aikin bututun daga sama, fim ya koma shaida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bututun dai ya fara aiki a 2017, amma shaidar na nan. A neme shi a kalla.