Kimiyya da Fasaha: Mamatan da ba su da suna a Makka

 A yau shirin zai leƙa ƙasa mai tsarki ne, domin duba wata matsalar da ba kasafai ake son tayar da maganarta ba, wato yadda ake tantance gawarwakin alhazan da suka rasu ba tare da an san ko su wane ne ba. Shin kimiyya ce ta gaza, ko kuwa mutane ne suka yi sakaci? Sai ku gyara zama.

To madalla. Da yawa daga cikinku za su iya tuna safiyar ranar Alhamis 24 ga watan Satumban shekara ta 2015, ranar babbar salla, lokacin da ayarin alhazai biyu suka yi karo a mahaɗar titi mai lamba 204 da mai lamba 223 a Mina, a kan hanyar zuwa wurin jifan Shaiɗan. Bayan kwana biyu hukumomin Saudiyya suka ce mutum 769 ne suka rasu, wasu 934 kuma suka jikkata. Daga wannan rana ba su sake taɓa waɗannan alƙaluma ba. Amma kamfanin dillancin labarai na AP, wanda ya bi ƙasashe 36 ɗaya bayan ɗaya yana tattara abin da kowace ta bayyana game da 'yan ƙasarta, ya ce yawan mamatan ya kai aƙalla 2,411. A cikin wannan lissafi Iran na da 464, Nijeriya kuma 274. Daga cikin waɗanda Nijeriya ta yi asara akwai fitacciyar 'yar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf da kuma Farfesa Tijjani El-Miskin.

Ku dubi tazarar da ke tsakanin 769 da 2,411. Mutum sama da 1,600 ke nan. Kowane ɗaya daga cikinsu akwai gidan da aka share aka shafe domin tarbarsa, akwai yaran da ke jiran tsaraba. A makonnin da suka biyo baya, abin da jami'an ƙasashe suka riƙa yi shi ne zarya tsakanin asibitoci da babban ɗakin ajiye gawa na Mu'aisim da ke kusa da Mina, suna duba hotunan mamata sama da dubu ɗaya da aka ba wa jami'an diflomasiyya. Ko tsohon jakadan Iran a Lebanon, Ghazanfar Roknabadi, wanda gwamnati guda ke nemansa ruwa a jallo, sai cikin watan Nuwamba aka gano gawarsa, wato bayan wata biyu. To ina ga tsohuwar da ta fito daga wani ƙauye a Sakkwato ko Damagaram?

Kafin mu ɗora laifi a kan kowa, bari mu fara da abin da ya sa aikin ke da wuya a Makka. Namijin da ke cikin harami ƙyalle biyu ne kawai a jikinsa, babu ɗinki, babu aljihu, kuma duk farare ne iri ɗaya. A lokacin fasfo ɗin alhaji ba ya hannunsa, yana wurin hukumar da ke kula da masaukinsa. Jakar wuya da katin shaida kuwa su ne abin da ke fara tsinkewa idan aka shiga turmutsutsu. Sannan ga zafin rana wanda ya haura digiri 40 a ma'aunin Selsiyos. A irin wannan zafi cikin ɗan ƙanƙanen lokaci fuska ke kumbura ta canza launi, ta yadda ɗan'uwa na jini ma zai iya wuce gawar ɗan'uwansa bai gane ta ba, ko kuma ya nuna ta wani ya ce tasa ce.

Wannan ne ya sa hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa ta Interpol, a cikin ƙa'idojinta na tantance waɗanda bala'i ya rutsa da su, ba ta yarda a dogara da kallon fuska ko hoto kawai ba. Shaidu uku ne ta ɗauka a matsayin na asali: zanen yatsu, da haƙora, da kuma ƙwayoyin halitta na DNA. Sauran abubuwa kamar tufafi, da zobe, da tabon tiyata, suna taimakawa ne wajen rage yawan waɗanda za a bincika. Mu a wurinmu tsagar gado irin su bille ko kalangu za ta iya nuna cewa mamacin daga ƙasar Hausa ya fito, amma ba za ta faɗi sunansa ba. Haka shi ma haƙorin Makka, tun da dubban mutane ne ke sa shi a kowace shekara.

Zanen yatsu shi ne mafi sauri da araha. Babu mutum biyu da ke da zane iri ɗaya, ko da tagwaye ne masu kama ɗaya. Matsalarsa ita ce fata ba ta jure zafi, saboda haka tilas a ɗauka da wuri. Haƙora kuwa sun fi kome daɗewa a jikin ɗan Adam, shi ya sa bayan ambaliyar tsunami ta watan Disamban 2004, akasarin Turawa 'yan yawon buɗe idon da aka gane a Tailan da haƙoransu aka gane su, domin likitocinsu a gida na da hoton bakin kowa. To amma alhazanmu nawa ne suka taɓa zama a kujerar likitan haƙori, balle a ce an ajiye musu fayil?

Saura DNA. Wannan wani rubutu ne da ke cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum, rabi ya gada daga uwa, rabi daga uba. Tun a shekara ta 1984 wani masani a jami'ar Leicester ta Ingila mai suna Alec Jeffreys ya gano cewa za a iya bambance mutane da shi. A yau masu bincike kan duba wurare kamar 20 a cikin wannan rubutu, inda wasu 'yan haruffa ke maimaita kansu, kuma yawan maimaicin ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Ko da nama ya narke, ana iya samun DNA a cikin haƙori, ko ƙashin cinya, ko wani ƙashi mai taurin gaske da ke bayan kunne, shekaru da dama bayan an binne mutum.

To a nan ne fa gizo ke saƙar. Duk waɗannan hanyoyi uku kwatance ne. Na'ura ba ta karanta suna a jikin ƙashi. Abin da take yi shi ne ta ɗauki abin da aka samu a jikin mamaci ta gwada da wani abin da aka ajiye tun yana da rai, ko kuma da jinin uwa, ko uba, ko ɗa. Idan babu abin gwadawa, ko da an kai samfurin ɗakin binciken da ya fi kowanne a duniya, lamba kawai za ta fito. Ma'ana rabin aikin gano gawar da ke Makka, a Kano da Katsina da Maraɗi yake.

Wasu ƙasashen sun fahimci haka. A Bosniya, inda aka kashe Musulmi maza kimanin 8,000 a Srebrenica cikin watan Yulin 1995, aka kuma tone kaburbura da manyan motoci aka warwatsa ƙasusuwan domin ɓoye laifi, hukumar ƙasa da ƙasa mai neman mutanen da suka ɓace, wato ICMP, ta bi iyalai gida gida har da waɗanda suka yi hijira zuwa ƙetare, tana ɗibar ɗigon jini a kan kati. Da haka aka gano kusan mutum 7,000. A birnin New York na Amurka, daga cikin mutum 2,753 da suka mutu a harin 11 ga watan Satumban 2001, kusan kashi 40 cikin ɗari ba a gano gawarsu ba, amma ba a rufe fayil ɗin ba, har a shekara ta 2025 an sanar da ƙarin sunaye. A gida Nijeriya ma, bayan haɗarin jirgin saman Dana a Legas cikin watan Yunin 2012, an ɗebi samfurin 'yan'uwa aka aika Ingila, aka kuma gane mafi yawan mamatan.

Idan aka auna abin da ya faru a Mina da wannan ma'auni, akwai abin yabo, akwai kuma na suka. Ko shakka babu Saudiyya ta kashe maƙudan kuɗi. Bayan turmutsutsun shekara ta 2006 wanda ya ci rayuka sama da 340, an rushe gadar Jamrat aka gina sabuwa mai hawa hawa. Ana ɗaukar zanen yatsun mai shiga ƙasar. A shekara ta 2016 aka fito da awarwaro mai ɗauke da bayanan alhaji, daga baya kuma aka zo da katin Nusuk. Amma ku lura, awarwaro da kati duk abubuwa ne da ake ratayawa, suna iya tsinkewa, ana iya musanyawa. Sa'annan babban abin sukan shi ne rufa-rufa. Sarki Salman ya ba da umarnin gudanar da bincike a ranar da abin ya faru, amma har yau ba a bayyana wa duniya sakamakonsa ba. A aikin tantance mamata kuwa, matakin farko shi ne ƙidaya ta gaskiya: gawa nawa aka ɗauka, nawa aka gane, nawa aka binne da lamba, kuma a wane kabari. Wanda bai faɗi yawan abin da ya ɓace ba, yaya za a san ranar da ya gama nema?

Aikin hajjin shekara ta 2024 ya tona wani ramin kuma. Zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami, kuma ministan lafiyar Saudiyya Fahad Al-Jalajil ya ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin aikin hajji. Ya kuma ce an sha wuyar gane da yawa daga cikinsu saboda babu wata takardar shaida a jikinsu. Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Kowa ya san 'yan'uwanmu da ke shiga da bizar Umra ko ta ziyara su laɓe har lokacin hajji, da kuma 'yan tikari da suka shekara da shekaru a unguwannin Makka babu takarda. Mutumin da ya yi ta ɓoye sunansa don gudun kamu, idan ya faɗi a hanyar Arfa, babu rajistar da za a nemo shi a ciki, iyalinsa kuma na tsoron zuwa cigiya.

Mu ma da namu laifin. Sau da yawa za ka ji an ce, ai ya rasu a ƙasa mai tsarki, ya yi dace, a bar wa Allah. Babu mai jayayya da wannan fata. Amma ku tambayi matar da ba ta san ko ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma ba, ko kuwa ta bi hukuncin matar wanda ya ɓace, wadda a mazhabar Malikiyya za ta jira shekara huɗu bayan ta kai ƙara gaban alƙali. Ku tambayi magadan da aka hana raba gado saboda babu tabbacin mutuwa. Kuma kada wani ya ce addini ne ya hana. A can Makka ɗin, cikin watan Janairun 2002, majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa ta yanke cewa ya halatta a yi amfani da gwajin DNA wajen gane gawarwakin da ba a san masu su ba. Malamai sun buɗe ƙofa tun shekara 13 kafin abin da ya faru a Mina.

To mene ne abin yi? Hukumar alhazai ta Nijeriya NAHCON, da hukumomin jihohi, da takwararsu ta Nijar, suna tara maniyyata domin bita da allurar rigakafi. A wannan zama ɗaya za a iya rubuta tsaga da tabo da haƙoran da suka fita, a rubuta sunayen 'yan'uwa na jini biyu da lambobin wayarsu, a kuma tabbatar cewa zanen yatsun da ke cikin fasfo da katin ɗan ƙasa za a iya aika shi Makka cikin sa'o'i idan buƙata ta taso. Wanda ya yarda, a goga auduga a cikin kumatunsa a ajiye a ambulan, kada a buɗe sai in an neme shi an rasa, idan ya dawo lafiya a ƙone. Wannan sharaɗi na da muhimmanci, domin DNA na iya tona asirin nasaba, kuma babu mai ba da samfurinsa idan yana tsoron za a yi amfani da shi a wani wurin. Kazalika ya kamata kowace tawaga ta tafi da ƙwararrun binciken gawa ko da biyu ne, kamar yadda Indonesiya ta tura 'yan sandanta masu wannan aiki a 2015. Ita kuma Saudiyya, abin da ake nema a wurinta shi ne kada a binne kowa sai an ɗauki hoto da zanen yatsu da samfur, a sa lamba a kabari, a kuma bar littafin a buɗe ga ƙasashen da suka aiko da baƙin Allah.

Ga ku kuma masu niyyar sauke farali, ko masu raka iyaye filin jirgi: ku bi ta hanyar da hukuma ta san da ku, kada ku cire awarwaro ko da za ku yi wanka, kada ku ba wani aron katinku. Wanda kuma har yau yake da ɗan'uwan da ya tafi hajji bai dawo ba, ba a kuma nuna masa kabari ba, ya sani cewa ƙashi na riƙe shaidarsa shekaru masu yawa, saboda haka yana da haƙƙin ya koma hukumar alhazan jiharsa ya tambayi inda aka kwana.

To jama'a masu sauraro, a nan za mu dasa aya a shirin namu na yau. Muna jiran wasiƙunku da ra'ayoyinku a kan wannan batu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.