Ka Taɓa Buɗe Shafin Kasuwancinka a Wayar Yaron Shagonka?

Yawancin shafukan intanet na 'yan kasuwarmu a kan kwamfuta ake haɗa su, a kan kwamfuta ake nuna wa mai su, a nan kuma yake cewa ya yi, ya biya kuɗi. Matashin da ya yi aikin zai zo ofis da laftof ɗinsa ya buɗe a kan tebur, hotunan kaya su baje, sunan kamfani na ta sheƙi a sama. Alhaji ya gyara zaman tabarau, ya sa albarka. Daga ranar da wuya wani ya sake ganin shafin a wannan kama, domin wanda aka yi shi dominsa ba shi da kwamfuta. Waya ce a hannunsa, Tecno ko Itel ko Infinix, datarsa ta kusa ƙarewa, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. A ganina duk ɗan kasuwar da ya biya aka yi masa shafin da ba ya aiki a irin wannan waya ya yi asarar kuɗinsa, ya kuma wahalar da mai saye ba tare da ya sani ba.

Mu ta waya muka shiga intanet. A Turai da Amurka kwamfuta ce ta fara shiga gidaje, wayar salula ta biyo baya. A nan kuwa tun da layukan salula suka zo Najeriya a 2001, waya ce ta yi gaba. Kwamfuta ta tsaya a ofisoshi da shagunan kafe, inda ake zuwa cike JAMB ko duba sakamakon WAEC. Mutane da yawa a ƙaramar Nokia suka fara buɗe Facebook, ta Opera Mini, suka yi hirarsu a 2go, kuma har yau ba su taɓa mallakar kwamfuta ba. Amma sana'ar haɗa shafi daga can muka koyo ta, da samfuran da aka tsara wa faffaɗar fuska. Su ma can ɗin sun daɗe da sauyawa. Tun a 2010 wani mai zanen shafuka Ba'amurke, Ethan Marcotte, ya fito da tsarin da shafi ɗaya zai riƙa daidaita kansa da girman fuskar da aka buɗe shi a kai, ya tsuke a waya, ya buɗe a kwamfuta. Kamfanin StatCounter ya ba da rahoton cewa a watan Oktoban 2016, a duniya baki ɗaya shiga intanet ta waya da tablet ya zarce na kwamfuta a karon farko. Idan haka ne a duniya baki ɗaya, ina ga Kano da Maraɗi?

A ɗauka wata mata ce a Azare take haɗa lefen ƙaninta, aka turo mata adireshin shafin wani mai atamfa da leshi a Kantin Kwari. Ta danna. Fuskar waya ta yi fari fat, tana jira. Abin da ke faruwa a bayan wannan farin shi ne, hotuna ashirin ake jawowa, kowanne yadda kyamara ta ɗauke shi aka ɗora, megabait uku ko huɗu, ga kuma bidiyon da ke kunna kansa a sama. Kafin ta ga turmi ɗaya, megabait sittin ko fiye sun tafi. Da shafin ya buɗe, sai wani akwati ya rufe fuskar yana neman adireshinta na imel, alamar rufe shi kuma ta faɗa can gefe inda yatsa ba ya kaiwa. Ta samu ta kawar da shi. Rubutu ƙanana kamar tururuwa, sai ta sa yatsu biyu ta buɗa, da ta buɗa farashi ya gudu dama, hoton ya tsaya hagu. Ta ga leshin da take so, ta ce bari ta kira kawai. Lambar wayar a jikin hoto aka rubuta ta, ba ta dannuwa, ba ta kwafuwa, sai an nemo biro da takarda. A nan ta haƙura, ta koma WhatsApp wajen wata mai kawo kaya da ta saba da ita.

Abin da ya fi damuna a wannan lamari shi ne mai shagon ba zai taɓa sanin ta zo ba. A kasuwa idan mai saye ya juya zai tafi, ana gani. Yaro zai bi shi da "Hajiya, dawo mana, nawa za ki ba da?" Sau da yawa a wannan dawowar ake ƙulla ciniki. A shafi babu mai kiran kowa. Mutum ɗari za su shigo su fita a rana, mai kaya yana zaune yana cewa intanet ba ta kawo kasuwa.

Nauyin shafi kuma kuɗi ne, daga aljihun mai saye yake fita. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har kashi 50 cikin ɗari. Wanda ke sayen datar ɗari biyu ko ɗari biyar ya san inda kowane megabait ya tafi, kuma yana gane shafin da ke shanye masa ita. Binciken da Google ya fitar a 2016 ya nuna kashi 53 cikin ɗari na masu buɗe shafi a waya suna barinsa idan ya wuce daƙiƙa uku bai buɗe ba. Mutanenmu sun fi haka haƙuri, matsalar sabis ta koya mana jira. Amma bai kamata ɗan kasuwa ya jingina cinikinsa da haƙurin mutane ba, alhali hoton megabait huɗu ana iya matse shi ya koma kilobait ɗari biyu, ido bai ga bambanci a fuskar waya ba. Aikin mintuna ne. Rashin yinsa sakaci ne kawai.

Shi ma Google da ake fatan ya kawo baƙin masu saye, ta waya yake kallon shafi. A Afrilun 2015 ya fara fifita shafukan da ke aiki a waya idan an yi bincike da waya. Daga baya ya koma auna kowane shafi da kamannin da yake nunawa a waya, ya kuma sanar da kammala wannan sauyi a 2023. Saboda haka mai otal a Kaduna ko mai makarantar kuɗi a Zariya da shafinsa ya yi kyau a kwamfuta kaɗai, abin da Google ke gani shi ne ɓangaren da ya lalace.

Wurin biyan kuɗi ne na fi ganin ana tafka kuskure, kuma a nan ne ake gane wanda ya san mutanensa. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, tiransifa ta zama ruwan dare, har mai shayi da mai kayan miya suna da lambar OPay ko Moniepoint. Mai saye zai ga lambar asusu a shafi, ya fita zuwa manhajar banki, ya tura, ya dawo. A waya mai ƙaramin ƙarfi, da ya fita ɗin nan sau da yawa wayar kan rufe shafin don ta samu sarari, idan ya dawo sai shafin ya sake lodi daga farko, kayan da ya zaɓa duk sun ɓace. Kuɗi sun fita, ba shi da shaidar abin da ya saya, hankalinsa ya tashi. Mai haɗa shafin da ya taɓa riƙe irin wannan waya zai sa madannin kwafe lambar asusu, zai sa shafin ya riƙe abin da aka zaɓa, zai rage tambayoyin fom su tsaya a suna da lambar waya da garin da za a sa kaya a mota. Me ya kawo tilasta wa mutum buɗe asusu da imel da kalmar sirri don zai sayi turmi biyu? Akwai kuma wani abu da ya shafe mu masu rubutu da Hausa: wasu salon rubutun da ake zaɓa don ƙawa ba su ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, sai haruffan su fito a karkace ko su zama akwatuna a wasu wayoyin. Wanda zai rubuta shafinsa da Hausa, wanda kuwa ina ganin ya kamata da yawa su yi, sai ya duba wannan da idonsa.

Na san abin da wasu za su ce: muna da WhatsApp da Instagram da TikTok, ciniki yana tafiya, shafin na mene ne? Ga mai turaren wuta ko mai dambun nama da ke aiki daga gida, maganarsu gaskiya ce, ban ga dalilin da za ta kashe kuɗi a shafi ba tukuna. Amma wanda kasuwancinsa ya girma ya tuna ranar 4 ga Oktoban 2021, da Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na wajen awa shida, da kuma watanni bakwai da Twitter ya yi a rufe a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Ban da haka kullum ana ƙwace wa mutane asusu, 'yan damfara kuma suna buɗe na bogi da sunan shagunan da aka sani. Shafin da yake naka shi ne wurin da mai saye zai tabbatar da lambar asusunka ta gaskiya da adireshinka. Ba kishiyar WhatsApp ba ne. Shafi mai kyau ma a ƙarƙashin kowane kaya yake sa madannin da zai kai mutum kai tsaye hira da mai shago, domin mu sai mun yi magana, mun taya, kafin mu saya. Masu cewa a yi manhaja a madadin shafi kuwa ba na tare da su. Wayar da kullum take kukan ta cika, ana goge hotunan biki don a samu wuri, ba za a sauke manhajar shago ɗaya a cikinta ba.

Laifin na ɓangare biyu ne. Akwai masu haɗa shafi da ke ɗauko samfuri su sauya suna da launi su miƙa. Akwai kuma masu kuɗin da su ne ke neman abin da zai riƙa motsi da walƙiya, don a ga sun kashe kuɗi. Gyaran yana hannun mai biya. Kafin ka ba da cikon kuɗi, karɓi wayar yaron shagonka, wadda ta fi kowace araha a wurin. Kashe wayifai, ka yi amfani da datar layin. Fita waje cikin rana, ka riƙe ta da hannu ɗaya, ka nemi farashin kaya guda, ka gwada kiran shagon daga shafin, ka gwada saye har zuwa biyan kuɗi. Duk inda ka tsaya kana laluben abin dannawa, nuna wa mai aikin ya gyara. Akwai kuma ma'aunin Google na kyauta, PageSpeed Insights, da za a sa adireshin shafi ya faɗi abin da ke jawo nauyi, ka ce ya buɗe shi a gabanka.

Sai a yi maganar bayan miƙa aiki tun kafin a rabu. Shafuka da yawa lafiya lau suke a watan farko, sai sabon kaya ya iso, yaran shago su riƙa ɗora hotuna kai tsaye daga kyamara, nauyin ya dawo. Farashi ya sauya a kasuwa, na shafi yana nan na bara, mai saye ya kira a faɗa masa wani kuɗin daban ya ɗauka yaudara ce. A rubuta a yarjejeniya cewa shafin zai riƙa matse hoto da kansa idan an ɗora, a ware mutum ɗaya da zai riƙa sabunta farashi, a kuma tabbatar shi ma daga wayarsa zai iya yin hakan, yana zaune a shago.