GARKUWA ƊAYA, MAGADA BIYU: Wasan Amurka a Ma'aunin Kalambaina

Edita ya ba ni fili in yi magana bisa wani wasan talbijin, na kuwa san waɗansu dattawa za su ce me ya haɗa malamin Arabiyya da sinima. To, almajiraina suka haɗa mu. Wani dare bayan mun sauko daga lisha a babban masallacin Satwa, na tarad da samarinmu biyar bakin shagon wani tela, sun kewaye waya ɗaya, gardama ta yi zafi har mai shago ya leƙo. Wannan yana cewa wane ya cancanci garkuwa, wancan yana cewa a'a, wane ne. Na tsaya na ji, sa'an nan na tambaye su ko sun san abin da ya gudana tsakanin Malam Abdullahi na Gwandu da ɗan wansa Muhammadu Bello. Aka yi tsit. Saboda haka na karɓi aron wayar, na kalli wasan kashi shida duka, don kada in soki abin da ban gani ba.

Sunan wasan The Falcon and the Winter Soldier, watau Shaho da Sojan Hunturu. Kamfanin Marvel ya fito da shi cikin 2021. Ga labarin a taƙaice, saboda dattawa. Akwai wani sadauki da ake kira Kyaftin Amurka, wanda masu zane suka ƙaga tun 1941, makaminsa wata garkuwa ce mai launin tutar ƙasarsu. Da ya tsufa sai ya miƙa ta ga abokinsa Sam Wilson, baƙar fata. Sam ya ga kamar ta fi ƙarfinsa, ya kai ta gidan kayan tarihi. Hukuma ta ɗauko ta ta ba wani soja Bature, John Walker. Tsohon aminin Kyaftin, Bucky, ya yi fushi da Sam don ya saki amana, su biyun kuma suka ƙi jinin Walker. Ana cikin wannan rikici dukansu suna yaƙi da waɗansu 'yan tawaye, shugabarsu wata yarinya ce, Karli.

Bari in fara da yabo, gama wasan yana da abin yabo guda biyu.

Na fari, ya yi tambayar da ta dace: gadon babban mutum na wane ne? Na wanda ya miƙa wa da hannunsa, ko na wanda hukuma ta naɗa? Ya kuma kawo wani tsoho baƙar fata, Ishaya, wanda aka yi wa allurar ƙarfi irin ta Kyaftin, ya yi yaƙin Koriya, aka saka masa da shekara 30 a kurkuku, aka shafe sunansa. Wurin da tsohon nan yake ba Sam labarinsa ya fi dukan dambe da tashe-tashen sama da ke cikin wasan.

Na biyu, dalilin 'yan tawayen. A cikin labarin rabin mutanen duniya sun ɓace shekara 5. Ƙasashe suka buɗe iyakoki suna neman hannun aiki, baƙi suka zo suka yi gini, suka yi shara, suka zauna. Da ɓatattu suka komo sai aka ce da baƙin su tattara, aka zuba su sansani. Mu da ke zaune a nan da takardar izini mai wa'adi, ba mu bukatar tafinta ya fassara mana wannan.

Amma fa masu wasan sun ɗauko kaya mai nauyi, suka ji tsoronsa, suka zubad da rabi a hanya. Ku duba dabararsu. Da mai kallo ya soma tunanin ko Walker ma yana da hakki, tun da shi jarumi ne mai lambobin yabo, sai suka sa ya sha maganin ƙarfi a ɓoye, ya kashe mutumin da ya riga ya faɗi, da garkuwar nan, a dandalin birnin Riga, jama'a suna ɗauka da waya. Shi ke nan, an huta da auna shi. Da mai kallo ya soma cewa Karli tana da gaskiya, sai suka sa ta tashi wani gidan ajiya da wuta alhali akwai mutane ɗaure a ciki. Ita ma an huta da auna ta. Wa ya rage? Sam kaɗai, hannunsa fes. Wannan ba shari'a ba ce, alƙali ne ya shafa wa biyu baƙin tukunya don na ukun ya yi haske. A ƙarshe Sam ya tsaya gaban manyan hukuma ya yi musu wa'azi, suka sunkuyad da kai, suka fasa korar baƙin. Ina aka taɓa ganin haka? Yarinyar ta riga ta mutu, kukanta kuma ya koma ado a bakin wanda ya yaƙe ta.

Yanzu ku zo mu koma gida, inda irin wannan al'amari ya auku da gaske, ba a kuwa sauƙaƙa wa kowa ba.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a Sakkwato ran 20 ga Afrilu, 1817. Tun 1812 ya raba kula da ƙasa, gabas ga ɗansa Bello, yamma ga ƙanensa Abdullahi. Ku auna mutanen nan biyu. Abdullahi shi ne wazirin Shehu, shi ya ja rundunar Jama'a a Tabkin Kwatto cikin 1804, shi ya rubuta tafsirin Liya'ut Ta'wili, ya kuwa girme Bello da wajen shekara 15. Bello shi ya ci Alƙalawa cikin 1808, shi ya kafa Sakkwato cikin 1809, shi ya rubuta Infaƙul Maisuri. Wanne za ka shafa wa baƙin tukunya? Babu. Masu tarihi sun ruwaito cewa labarin rasuwar ya sami Abdullahi a Bodinga, ya hau ya nufo Sakkwato, ya tarad an riga an yi wa Bello mubaya'a, an kuma rufe ƙofar gari. Ya juya da ɓacin rai, ya zauna Gwandu, bai yi mubaya'a ba. Amma bai ɗaga tuta ya ce a zo a yaƙi ɗan wansa ba. Malami ne, ya riƙe takobinsa cikin kube.

Ɗan tawayen fa? A nan ne labarinmu ya fi na Amurka ɗaci. Malam Abdussalami Ba'are ne, almajirin Shehu na tun farko. Garinsa Gimbana ne Gobirawa suka faɗa wa cikin 1803, abin da ya jawo hijira zuwa Gudu cikin 1804. Watau wutar jihadin ma a gidansa ta soma kamawa. Bayan rasuwar Shehu yana zaune Kware, arewa da Sakkwato kaɗan, ya fita daga ɗa'a. Kukansa shi ne an raba ƙasa ba a ba shi gwargwadon wahalarsa ba, shugabanni kuma sun karkata ga duniya. Bello ya yi ta musayar wasiƙu da shi, abin bai yiwu ba, aka yi yaƙi, Kware ta faɗi, Abdussalami ya sami rauni, ya rasu a Bakura farkon 1818. Sauran mutanensa suka taru a Kalambaina, kusa da Gwandu, suka gagari Abdullahi.

Ga abin da nake so samari su lura da shi. Kukan nan na cewa shugabanni sun karkata ga duniya, Abdullahi da kansa ya riga kowa yin sa. Cikin 1807 ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar Makka, don abin da ya gani na son mulki da dukiya, sai mutanen Kano suka tsai da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Ya kuma bayyana wannan baƙin ciki a Tazyinul Waraƙati. Ashe mutumin da ke kewaye da Kalambaina ya san zafin da ke zukatan na cikinta. Wane mai tsara wasa ne a Amurka zai iya riƙe wannan garwashi bai yar ba?

Bayan kamar shekara uku da rasuwar Shehu, Bello ya taso da runduna ya taimaki baffansa, aka ci Kalambaina. Aka ce da suka haɗu bisa dawakai, Bello ya yi haramar sauka don girmama baffa, sai Abdullahi ya yi masa ishara ya zauna, shi ya sunkuya ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi. A wasan Amurka kuwa sai da Sam da Bucky suka karya hannun Walker kana suka karɓe garkuwa. Can an ƙwaci gado da ƙarfi. Nan ƙarami ya nemi sauka, babba ya hana shi. Abdullahi ya rasu a Gwandu, Bello ya rasu a Wurno cikin 1837, gidajen biyu kuma suna nan har yau ba su rabu ba.

To, kada mu yi saurin buga ƙirji, gama mu ma muna da namu laifi wajen ba da labarin. In muka zo Kalambaina, sai mu tsaya ga dawakan nan biyu, mu yi kabbara, mu tashi. Muna mantawa da waɗanda ke bayan ganuwa, mabiyan almajirin Shehu ne. Ni ban isa in yi hukunci tsakanin waɗannan bayin Allah ba, Allah ya gafarta musu baki ɗaya. Amma Bello da kansa ya fi mu insafi. Ya rubuta littafi, Sardul Kalami, bisa abin da ya gudana tsakaninsa da Abdussalami, ya sa wasiƙun abokin gabansa a ciki, sa'an nan ya ba da amsa hujja bayan hujja. Lalle alƙalamin na mai rinjaye ne, mai karatu ya riƙa tunawa da haka. Duk da haka, da bai kwafe wasiƙun ba, da yau ba mu san kukan mutumin ba. Wannan ne ma'aunin da na auna wasan da shi, na same shi da tauye mudu: ya ba 'yar tawaye dalili, ya ƙwace shi tun ba a je ko'ina ba.

Na san waɗansu sun gane inda na dosa. Tun da Allah ya yi wa dattijon da ya kafa ƙungiyarmu rasuwa, mun rabu biyu bisa wanda zai riƙe hatimi da littafin kuɗi, mutanen biyu kuwa kowannensu mutumin kirki ne, kowa ya yi wa marigayi hidima. Samarin da suka daina biyan kuɗin wata muna kiransu 'yan tawaye, ba wanda ya zauna ya rubuta kukansu. Ya ku dattawa, hatimi garkuwa ce kawai. Gadon marigayi shi ne a yi wa gawar baƙo sutura, a nemi wanda takardarsa ta ƙare kafin tara ta hau kansa, a sama wa sabon zuwa wurin shimfiɗa tabarma. Watannin nan da muke ja-in-ja, wa ke yin waɗannan? Ba na roƙon kowa ya ce shi ne marar gaskiya. Ina roƙon ɗaya ya yi haramar sauka, in ga ko ɗayan ba zai hana shi ba. Ina kuma roƙon a kira samarin nan taro mai zuwa, magatakarda ya rubuta maganarsu yadda suka faɗe ta, ko da za a ƙi ta daga baya.

Ku kuma samari, ku kalli wasanku, ban hana ba, akwai abin koyo a wurin tsoho Ishaya. Amma ran Asabar bayan la'asar ina makaranta, za mu fara karanta Tazyinul Waraƙati. Wanda ya iya gardama bisa garkuwar Amurka, ya zo ya gwada ta bisa ƙofar Sakkwato.

Allah ya haɗa kanmu, ya sa mu gama da duniya lafiya. Haza wasalam.

Naku,
Malamin Makarantar Arabiyya, Satwa.