Injin Niƙa Bai Shiga Littafi Ba: Sharhi Kan Kimiyya da Fasaha a Ƙagaggun Labaranmu

A zangon karatun da ya wuce na ba ɗalibaina 'yan aji biyu na babbar sakandare aikin gida, cewa kowa ya rubuto gajeren labari a kan wata na'ura da ta sauya rayuwar gidansu. Yaran nan 'yan Birnin Kudu ne da Gwaram da ƙauyukan da ke kewaye, kuma akasarinsu 'ya'yan manoma ne. Da takardu suka dawo, sai na tarar yawanci labarin wani Alhaji suka kawo, mai gidan bene a Abuja, wanda ƙofarsa ke buɗe kanta, 'yarsa kuma tana riƙe da wayar miliyoyin naira. Babu wanda ya ambaci injin ban-ruwan da mahaifinsa ke tayarwa a fadama, ko injin niƙan da ake aikensa kullum da safe. Na tambayi wata yarinya dalili, sai ta ce, "Malam, ai ba a sa irin wannan a littafi." Wannan amsa ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Yarinyar nan ba ta yi ƙarya ba, abin da ta saba karantawa ta faɗa. Duk wanda ke bibiyar ƙagaggun labaranmu, tun daga littattafan da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano a shekarun 1990 har zuwa waɗanda ake turawa ta WhatsApp a yau, zai ga cewa a mafi yawansu na'ura ado ce kawai. Ana kawo mota don a nuna saurayi ɗan masu hali ne, ana kawo kwamfuta don a nuna ofishinsa ya haɗu. In ka cire su ka sa doki da alkyabba, labarin ba zai girgiza ba. A ganina wannan rauni ne babba, domin a zahiri na'ura ba ta shiga gida ta bar shi yadda ta same shi.

Magabatanmu kuwa ba haka suka yi ba. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ya ga aikin shimfiɗa dogon da ya kai jirgin ƙasa Kano a 1911, ya mayar da shi abin waƙa a cikin Waƙar Diga. Alhaji Aliyu Namangi makaho ne, amma bai bar keke ya wuce shi ba, sai da ya yi masa waƙa. Abubakar Imam da Dokta East sun rubuta Ikon Allah, inda suka bayyana halittu da al'amuran duniya da Hausar da ɗan firamare zai gane. Sannan a 1969, shekarar da mutum ya fara taka wata, Umaru Dembo ya fito da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda Kolin Koliyo ya ɗauki yaro Kilba ya zaga da shi sararin samaniya. Ina yaba wa Dembo ƙwarai, don ya nuna harshenmu na iya ɗaukar wannan kaya. Sai dai a littafinsa baƙo ne ya sauko da ilimin daga sama. Aikin da ya rage wa na baya shi ne su nuna abin da ke faruwa bayan ilimin ya sauka ƙasa ya shiga tsakar gida, kuma a nan ne muka yi sake.

Mai karatu, bari in kawo misalai daga inda nake zaune. Muna yara, sautin asuba a unguwarmu shi ne lugude da waƙar niƙa. A bakin dutsen niƙa mace ke amayar da abin da ke cinta, ta yi wa kishiya habaici, ta yi begen danginta. Da injin niƙa ya yawaita, hannun iyayenmu mata ya huta, kuma babu mai hankalin da zai ce a koma gidan jiya. Amma tare da dutsen, waƙar ma ta kwanta. Ina marubucin da ya tambaya, ina wannan habaici ya koma? Ko shi ne yau ke fita a saƙon murya ta waya?

Haka nan wayar salula, wadda ta shigo Nijeriya a 2001, ta iso mana bayan 'yan shekaru. Kafin zuwanta, ɗan ci-rani in ya tafi Legas sai dai wasiƙa ko sallahu a bakin direba, kuma ɗan makarantar da ke karanta wa tsofaffi wasiƙa yana da ƙima a gari. Yau kuɗin cefane kan iso kafin a sauke tukunya. A ɗaya gefen kuma, zancen da ake yi a ƙofar gida, ƙanne na leƙe, iyaye na sane, ya koma cikin ɗaki da tsakar dare, babu mai gani. Marubutanmu na sa masoya su yi ta waya shafi bayan shafi, amma da wuya ka ga wanda ya tsaya ya dubi abin da wayar ta yi wa ikon uba, da kunya, da matsayin ɗan aike.

Ga kuma abin da ya faru a farkon 2023, lokacin canjin takardun naira. Manomi ya kai hatsinsa kasuwar Sara, ga mai saye, ga kaya, amma ciniki ya gagara saboda babu tsabar kuɗi, turawa ta waya kuma ta ƙi tafiya. Yaro mai na'urar POS a ƙarƙashin lema ya wayi gari dattawa na bin sa da lallashi. A watan Mayu na shekarar aka janye tallafin man fetur, injin ban-ruwa ya zama ɗan sarki, sai mai hali ke iya ciyar da shi. Wanda ya samu dama ya koma famfo mai aiki da hasken rana, wanda bai samu ba ya rage gona. Maƙwabta biyu, fadama ɗaya, ɗaya na ban-ruwa ɗaya na kallo: in wannan bai isa jigon littafi ba, to, me zai isa?

Na san za a ce mai karatu ya gaji da wahala, yana son labarin da zai mantar da shi halin da yake ciki, marubuci kuma abin da kasuwa ke so yake kaiwa. Akwai gaskiya a nan, kuma ban ce a daina rubuta soyayya ba. Abin da nake cewa shi ne soyayyar ma ta fi armashi in an dasa ta a ƙasar da muka sani. Abin mamaki ma, marubutan nan da kansu a cikin wannan sauyi suke rayuwa. A waya suke rubutu, a waya ake biyan su, a waya ake sauraren littattafansu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sun ƙi ba mu labarin ɗakin.

A nan Birnin Kudu muna da darasi a duwatsunmu. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zane-zanen mutanen da, waɗanda Bernard Fagg ya yi nazari a kansu a shekarun 1950, tare da duwatsun nan masu amo in an buga su. A cikin abin da aka zana akwai shanu marasa tozo, irin waɗanda ba ma gani a garkunanmu yanzu. Masu zanen ba su bar mana sunayensu ba, amma da yake abin da ke gabansu suka zana, har yau suna ba da shaida a kan zamaninsu. To, wanda zai buɗe littattafanmu nan da shekara ɗari, wace shaida zai samu? Zai ɗauka duk ƙasar Hausa a gidan bene take, kuma ba a taɓa yin layi a wurin mai cajin waya ba.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana marubuta, musamman matasan da ke cikin wannan ƙungiya tamu, da su zauna a rumfar mai gyaran waya, da bakin injin niƙa, da wurin masu ban-ruwa, su saurari yadda mutane ke magana da irin sunayen da suke raɗa wa waɗannan abubuwa. Mu kuma malamai mu daina yaba wa yaro don kawai ya kwaikwayi abin da ya karanta. Ni dai na mayar wa ɗalibaina takardunsu, na ce kowa ya je ya tambayi kakarsa abin da take yi da asuba kafin zuwan inji, ya rubuto mini da bakinta. Allah Ya sa mu dace, amin.